Ɗan aiken da ba ya dawowa ya tambaya

Ɗan yayana, mai karatun kwamfuta, ya zo mini gida bayan Isha da wani aiki da ya haɗa. Manhaja ce ta ƙirƙirarriyar basira, wadda yake so ta riƙa taimakon tsofaffinmu na Misfala da alhazan da ke sauka a otal-otal ɗin titin Ibrahim Khalil. Ka yi mata magana da Hausa, ita kuma ta je ta yi maka aiki: ta nemo asibiti, ta kama maka layin ganin likita, ta duba awon sukarinka. Ya ce, "Goggo, duba mini Hausar kawai." Hausar ba ta da laifi. Abin da ke ƙarƙashinta ne ya hana ni barci.

Ga yadda abin yake. Irin wannan manhaja ɗan aike ce, kuma ana ba ta kayan aiki. Kowane ɗaya yana da suna, da ɗan bayanin abin da yake yi, da jerin abubuwan da za a cika masa. Tsarin MCP da kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamban 2024 haka ya shimfiɗa, kuma shi yaron ya bi. Ɗan aiken ba ya ganin cikin kayan aikin. Waɗannan layukan kaɗai yake karantawa, da su yake yanke wanda zai ɗauka da abin da zai zuba a ciki.

To ai wannan mun san shi a asibiti: takardar miƙa aiki ce. Mai aikin rana ta tafi, ke ta dare abin da ta rubuta kawai gare ki. Bambancin shi ne ni ina iya ɗaga waya in tashe ta daga barci. Ɗan aiken yaron nan ba zai kira wanda ya rubuta ba. Zai cike giɓin da zato, ya kuma yi maganar da gaba gaɗi.

Na neman asibiti ya rubutu, na yaba masa. Ya faɗi abin da yake yi, ya ce sai an ba shi unguwa, ya ce jerin sunaye da nisa zai dawo da su. Har ya ƙara da cewa in mutum ya ambaci ciwon ƙirji ko suma, kada a tsaya bincike, a ce ya kira 997 ko 911. Wannan layin ya fi sauran daraja, domin ya faɗi inda ba a amfani da kayan.

Na sukari kuwa, layi ɗaya ne: yana duba sukarin jini ya ba da shawara, a saka lamba. Wace lamba? Injinan awo iri biyu ne a hannun mutanenmu. Wani yana ƙirga da mg/dL, wani da mmol/L, kuma tsakaninsu ninki 18 ne. Hajiya ta taho daga Kano da injinta, ta ce sukarinta 6. In mmol/L ne, kusan 108 ke nan, lafiya lau. Ɗan aike ya ɗauka ɗaya ma'aunin ne, sai ya ce ta yi maza ta sha zaƙi. Wannan ma da sauƙi. Juya shi: dattijo ya dawo daga ɗawafi bai ci komai ba, injinsa ya nuna 60 a mg/dL. Duk abin da ya gaza 70 sukari ya faɗi, dabino da lemo yake bukata yanzu-yanzu. A karanta 60 ɗin nan a ɗaya ma'aunin, a ce ya yi mugun hawa, ya ɗauko allurar insulin. Wallahi na ga abin da faɗuwar sukari ke yi wa tsoho, ba na son sake gani. Bayanin bai kuma tambayi ko kafin cin abinci aka auna ko bayansa ba.

Na kama layin likita ma ya ce a saka kwanan wata, bai ce na Hijira ko na Miladiyya ba. A Makka fa! Inda tsohuwa za ta ce maka goma ga wata tana nufin Rajab.

Yaron ya kare kansa da cewa masu tsarin sun ba da shawarar jimla uku zuwa huɗu ga kowane bayani, zai tsawaita. Na ce tsawo bai dame ni ba. Na sha karanta rahoton jinya shafi guda wanda bai faɗi ƙarfe nawa aka ba da magani na ƙarshe ba.

Na kira maƙwabciyata, wadda ba ta san komai a kwamfuta ba, na karanta mata bayanan ɗaya bayan ɗaya, na ce ta yi kamar ita aka aika. Duk inda ta ce "to, wanne?" muka ja layi da jan biro. A na asibiti ba ta tambayi komai ba. A na sukari sau huɗu ta tsayar da ni. Ya cire shi daga manhajar a daren, ya ce sai ya rubuta ma'aunin, ya kuma hana shi ambaton allura gaba ɗaya, sannan ya dawo mini da shi ranar Juma'a.