Ba Kowane Zuwa ne Ziyara ba

Akwai wata kalmar Turanci da ta daɗe tana yi wa rubutunmu ɓarna alhali da wuya ka gan ta a kan takarda, wato visit. Ba mu are ta ba, in ban da 'yan makarantar kwana da ke ɗokin ranar bizitin. Abin da muka yi shi ne muka kama kalmarmu ta ziyara muka jibga mata duk kayan da waccan ke ɗauka a wurin masu ita, har ta kai yanzu duk wanda ya taka ƙafa zuwa gidan wani a cikin labari ko a rediyo, ziyara ya kai.

Asalin visit daga Latin ne, daga saiwar kalmar da ke nufin gani, ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci. Da ita Bature ke zuwa wurin kakarsa, da ita yake zuwa wurin likita, ko gidan tarihi, ko shafin intanet. A Amurka in aka liƙa mata with sai ta koma nufin zaman hira kawai. Kalma ce da ke faɗin an je an gani, ba ruwanta da dalilin zuwan.

Bahaushe kuwa dalilin yake fara faɗa. In mara lafiya ne, dubiya aka je. In mutuwa aka yi, gaisuwa ko ta'aziyya. In haihuwa ce, barka. In gobara ce ko sata, jaje. Bayan an watse daga biki a je bangajiya. Saurayi zance yake zuwa, mace ta je wuni ko ganin gida, yara su tafi yawon sallah, wanda matarsa ta yi yaji kuwa biko ya kama shi. Kowace kalma a cikin waɗannan tana ɗauke da hakkin da ke wuyan mai zuwa, da abin da zai riƙa a hannu, da irin maganar da zai fara da ita bayan sallama.

Ita ziyara daga Larabci muka samo ta, kuma tana da nata gurbi mai nauyi. Alhaji kan yi ziyara a Madina. Ana zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato ziyara. 'Yan Tijjaniyya daga zangunan Ghana sukan ɗaura niyyar ziyara zuwa Kaulaha a Senegal. Mu a nan Tafo, in mutum ya ce za shi maƙabarta ziyara, ya faɗi daidai. Amma in asibitin Tafo ko na Komfo Anokye ya nufa riƙe da kwanon abinci, ai dubiya za shi.

Na kawo Tafo ne don a nan na fi ganin haɗarin. Yaron zango yana tashi da harsuna uku: Hausa a gida, Twi a kasuwa da tasha, Turanci a makaranta. Karatunsa da rubutunsa duk da Turanci ya koya, saboda haka in ya zo rubuta Hausa, da Turanci yake fara tunani sannan ya nemi kalma guda da zai maye gurbin visit. Abin mamaki, maƙwabtanmu Asante ba su yarda da zuwa marar suna ba. Sukan ba baƙo kujera da ruwa, sannan su tambaye shi amanneɛ, wato abin da ke tafe da shi, ko da sun riga sun sani. Haka nan in sarakunan zango suka nufi fadar Manhyia ranar Akwasidae, tsofaffinmu cewa suke an je gaida sarki.

Asarar ta fi fitowa fili a ƙagaggun labarai. Sau da yawa nakan karanta jimla irin wannan: Hajiya ta kai wa surukarta ziyara. To, me ya kai ta? Da marubuci ya ce barka ta je, da mun hango sabulu da turmin atamfa. Da ya ce gaisuwa, da mun ji yadda aka sassauta murya a tsakar gida. Da kuma ya ce wata uku da haihuwar sannan Hajiya ta je barka, ba sai ya ɓata shafi biyu yana gaya mana akwai 'yar tsama a tsakaninsu ba. Kalma guda ta gama masa aikin.

Wani zai ce harshe yaɗo yake yi, kuma gaskiya ne. Ban ƙi ziyarar aiki da ake faɗa wa shugabannin ƙasa ba, domin sabon abu ne da ya buƙaci suna. Amma ku ziyarci shafinmu fassarar ganganci ce, tunda muna da leƙa da shiga. Wani kuma zai ce Hausar Ghana da ke ce wa mace ya zo, ina ita ina wannan tsanani? Amsata ita ce, wanda ya ce wa mace ya zo bai tauye hakkin kowa ba, amma yaron da bai taɓa jin kalmar jaje ko bangajiya ba zai girma bai san ana bin sa wannan bashin ba.

Don haka shawarata ga 'yan uwa marubuta da masu fassara labarai ita ce, duk lokacin da hannu ya kai ga rubuta ziyara, a dakata a yi wa mai tafiyar tambayar da ake yi wa baƙo bayan ya sha ruwa: lafiya dai ko? Amsar da ya bayar ita ce kalmar da ta dace a rubuta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma sun raɗa wa kowane taku sunansa. Kada ya zama a hannunmu sunayen suka salwanta.