Tubalin shafin intanet da wayar mutumin Tsamaye

Tun da Twitter ya saki Bootstrap a 2011, Facebook kuma ya biyo da React a 2013, masu gina shafukan intanet suka rage ƙera maɓalli da akwatin rubutu daga tushe. Yanzu tubali ɗaya ake yi, a dasa shi a shafi ɗari. Ribar a fili take, domin gyara ɗaya ya wadatar da ko'ina, kuma mai amfani ba ya sake koyon shafi duk inda ya shiga. Sai dai tubalin da aka ƙera don ya biya buƙatar kowa yakan taho da kayan kowa, wayar mai buɗe shafin ce kuma ke ɗaukar nauyin.

A duba kalandar zaɓen ranar haihuwa da ke cikin fom ɗin rajista da yawa. Kafin ta buɗe, sai waya ta sauko da JavaScript, ta karanta shi, ta aiwatar. A ofishin Legas ba a jin wannan. A Tsamaye kuwa, ko wani ƙauyen Sabon Birni da Isa a jihar Sakkwato, inda ƙaramar Itel ko Tecno ke fama da sabis mai zuwa yana ɗaukewa, fayil ɗaya ya maƙale a hanya sai kalandar ta ƙi motsi, fom ɗin duka ya tsaya, datar da aka saya ta tafi a banza. Wannan yankin, da aka katse wa layukan waya a 2021 saboda 'yan bindiga, ya san cewa sabis ba abin dogaro ba ne. Ko kalandar ta buɗe, dattijon da aka haifa a 1965 zai yi ta ja da baya kafin ya kai shekararsa. Shafukan gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, akwati uku kawai suke bayarwa, na rana da wata da shekara, kuma a 2022 suka cire jQuery, wani kunshin JavaScript, don rage nauyi. Wannan shi ne daidai a ganina: a gina tubali a kan abin da burauza ta riga ta iya da kanta, JavaScript ya zo a matsayin ƙari wanda in ya ɓace aiki ba ya tsayawa.

Za a ce akwatin burauza ba shi da kyan gani, kamanninsa na sauyawa daga waya zuwa waya. Gaskiya ne, amma wannan kamannin shi mai wayar ya saba da shi, kuma ana iya yi masa ado da CSS ba tare da an canza aikinsa ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta lokaci: ƙaramin kamfani a Sakkwato ba shi da ma'aikatan da za su rubuta komai da hannu. Ba a ce ya rubuta ba. Ya ɗauki tubalan da aka rarrabe, ya bar waɗanda shafin ba ya buƙata, sannan ya gwada fom ɗin a kan waya mafi arha a kasuwa, da layi mai rauni, kafin ya sake shi.