Jerin Sunaye a Turanci: Nazari a kan Hukuncin Gowers

A cikin 1954 aka buga littafin Sir Ernest Gowers mai suna The Complete Plain Words, wanda ya rubuta domin ma'aikatan gwamnatin Ingila su gyara Turancin wasiƙunsu. Daga cikin abubuwan da ya soka akwai al'adar jera sunaye uku ko huɗu a mai da su harɗaɗɗen suna guda, al'adar da ya ce daga kanun labaran jaridu ta yaɗu. Malamanmu da yawa sun karɓi wannan hukunci, har ya zama abin da a ke gaya wa ɗalibi shi ne ya guji tara sunaye, shi ke nan. Nufin wannan takarda shi ne a duba ko hukuncin ya isa.

Lalle Gowers yana da hujja. Sunan da aka jera bayan wani suna ba ya faɗin dangantakar da ke tsakaninsu, sai mai karatu ya cika da kansa. Amma laifin ba na yawan kalmomi ba ne. "Teacher training college" sunaye uku ne, ba kuwa wanda ya taɓa ruɗewa da shi. Ƙa'idar sauƙaƙƙen Turanci da masu ƙera jiragen sama na Turai suka fitar a 1986 ta hana wuce sunaye uku a jere, amma ƙirga kalmomi ba ya warkar da cutar, gama sunaye uku ma suna iya ɗaukar ma'ana biyu.

Matsalar iri uku ce, kowace kuwa da maganinta. Ta farko ita ce wurin da jigon ya ke. A Turanci suna na ƙarshe shi ne jigo, na gabansa duka bayani su ke yi a kansa. A Hausa jigon ne ke fara zuwa, sa'an nan a ɗaura masa sauran da -n ko -r. Saboda haka misalin da ya gabata sai an karanto shi daga ƙarshe: kwalejin horon malamai. Ɗalibin da ba a nuna masa wannan ba zai ɗauka maganar malami a ke yi, alhali kuwa maganar makaranta ce.

Ta biyu ita ce wane suna ke manne da wane. "Kano cattle market" yana iya zama kasuwar shanu ta Kano, yana kuma iya zama kasuwar shanun Kano, watau inda a ke sayar da shanun da aka koro daga Kano, ko da a Ibadan ta ke. Hausa ta raba su da "ta", wadda ke komawa ga kasuwa. Bature yakan raba irin waɗannan da ƙarfin murya in yana magana, kamar yadda Chomsky da Halle suka bayyana a 1968, amma rubutu ba ya nuna ƙarfin murya. A nan ne kukan Gowers ya ke da tushe, ko da ya ke bai ware wannan daga sauran ba.

Ta uku ita ce ma'anar dangantakar kanta. Robert Lees a 1960 ya yi ƙoƙarin fitar da kowane harɗaɗɗen suna daga wata jimla da ke ƙarƙashinsa. Judith Levi a 1978 ta tattara yawancin dangantakar a ƙarƙashin ma'anoni 9, ita kuwa Pamela Downing a 1977 ta riga ta nuna cewa masu harshe suna ƙirƙirar sababbi gwargwadon bukata, ba a iya rufe lissafinsu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Maganin sauro yana kashe sauro, maganin barci yana kawo barci, maganin gargajiya kuwa asalinsa a ke nufi. Ginin ɗaya ne, sanin duniya ne ke raba su. In haka aibi ne, to, ba Turanci kaɗai ke da shi ba.

Don haka hukuncin Gowers shawara ce mai kyau ga magatakarda Bature da ke rubuta wa ɗan'uwansa Bature, amma bai wadatar da malamin da ke horon malamai a ƙasar Hausa ba. Ɗalibanmu za su ci karo da waɗannan jeruka a takardun gwamnati da littattafan kimiyya ko sun so ko sun ƙi, hana su rubutawa kuwa ba zai koya musu karantawa ba. Abin da ya kamata shi ne a sa su nemi jigon a ƙarshe, su haɗa sauran biyu biyu, sa'an nan su juya jerin zuwa Hausa. Inda fassarar ta fito iri biyu, marubucin ne ya yi sakaci, can ne kuma ya wajaba a warware jerin a sake gina shi.