Jinjina ga masu riƙe littafin kuɗi don Allah

A Yamai, idan ƙungiya ta gina rijiya ko ta raba hatsi, shugaba ake ɗauka hoto. Ba a tuna wanda ya zauna a ƙuryar ofis yana jera rasit. Shi nake yi wa jinjina yau: akantan da ya baro ƙasarsa, Senegal ko Benin ko wata ƙasar Turai, ya zo aikin sa-kai.

Wasu ta hannun shirin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya suke zuwa, wanda aka kafa a 1970. Aikin ba ƙarami ba ne. Mai ba da tallafi yana son rahoto da yuro, ƙungiya kuwa da sefa take kashewa, sefa 655.957 kowane yuro. A nan Yamai ma, a Disamba 2022, ƙasashen OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, suka amince da tsarin lissafi na musamman ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, ya fara aiki a Janairu 2024. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa ba su da ƙarfin ɗaukar gwani.

Sai ka ga akantan nan da takardar man fetur da ta yamutse a aljihun direba, yana miƙe ta da tafin hannu, yana tambayar ranar tafiya cikin ladabi. Abin da ya fi burge ni shi ne zamansa kusa da wata matashiyar ma'ajiya, yana koya mata daidaita littafi da takardar banki, layi bayan layi, har ta iya rufe lissafin wata ita kaɗai kafin wa'adinsa ya cika.