Littafin Shekara 50 na Doctor Who da Rabon Jos a Cikinsa

A wannan fitowa na ajiye maganar farashin goro da rigimar kuɗin rumfa, zan taɓa wani littafin Turanci da ya shigo hannuna daga wajen masu gwanjon littattafai. Sunansa Doctor Who: The Vault, wato taska. Wani Bature mai suna Marcus Hearn ne ya rubuta shi, aka fitar da shi a 2013 don cikar shekara 50 da fara wannan shiri na talabijin ɗin BBC. Ƙato ne, shafi sama da 300, ga nauyi kamar bulo, kuma kusan kowane shafi da hotuna masu launi.

Ga wanda bai san shirin ba, labarin wani baƙo ne daga wata duniya, ana ce masa Dakta kawai, ba a faɗin sunansa. Yana yawo cikin zamani, yau ya koma shekara dubu baya, gobe ya tsallaka gaba. Abin hawansa wani shuɗin akwati ne irin na wayar 'yan sandan Ingila na da, daga waje bai wuce shagon mai shayi ba, amma in ka shiga sai ka tarar da fili kamar fada. An fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, kwana ɗaya bayan an harbe Shugaba Kennedy na Amurka. Ya yi ta tafiya har 1989 aka dakatar, aka yi fim guda a 1996, sannan aka farfaɗo da shi a 2005.

Hearn ya bi abin shekara-shekara ne. Ya buɗe akwatunan BBC da na masu tara kayan tarihi, ya ɗauko takardun ofis, zanen tufafi, tallace-tallace, kayan wasan yara da mujallu, ya jera. Ni a wurina surorin farko su ne naman littafin, domin nan ne mutum zai ga cewa wannan shiri da duniya ke ji da shi ya taso ne cikin ƙarancin kuɗi da raini. Wanda ya kawo dabarar, Sydney Newman, mutumin Kanada ne. Wadda aka ɗora wa shirya shi, Verity Lambert, mace ce matashiya a ma'aikatar da manyan maza suka cika. Wanda ya ba da umarni a labarin farko, Waris Hussein, haifaffen Lucknow ne ta ƙasar Indiya, shi ma a lokacin bai kai shekara 30 ba. Kun ga baƙo da mace da ɗan ci-rani aka bar wa aikin da manya ba su ɗauka da daraja ba. Mu da muke zaune a garin wasu, ai ba sai an fassara mana wannan ba.

Akwai wata tambaya da wani uba ya yi mini bayan sallar isha'i, kuma littafin ya taimaka wajen amsa ta. Ya ce yaransa suna kallon shirin a waya, ya ji wai Daktan in ya mutu sai ya tashi da wata fuska, shin ba aƙidar masu cewa rai yana sake dawowa cikin wani jiki ake cusa musu ba? To, ga asalin abin. Wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta, William Hartnell, rashin lafiya ya ci ƙarfinsa a 1966. Masu shirin ba sa son rufe kasuwa, sai suka ce ai wannan halitta tana iya sabunta jikinta, suka kawo Patrick Troughton ya ci gaba. Dabarar ɗan kasuwa ce wanda yaron shagonsa ya kwanta ciwo, ya sa wani a madadinsa. Na ce masa ya zauna da yaran ya gaya musu tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi, a kalla a yi dariya, a tashi a yi alwala. Abin da ya fi kamata ya lura da shi shi ne tsoratarwa, don ko a Ingila an yi ta ƙorafi a shekarun 1970 cewa wasu sassan sun yi wa ƙananan yara nauyi.

Yanzu ga inda nake da ja. Littafin na gida ne, BBC ce ta buga abinta, mai gabatarwa kuma Steven Moffat, wanda shi ne shugaban marubutan shirin a lokacin. Maroƙin gida ba ya zage ubangidansa. Saboda haka muryar littafin ta biki ce, kuma mai karatu sai ya riƙa tsayawa da kansa a inda ake wucewa da sauri. Ɗauki maganar Dalek, dodannin nan masu kama da tulun barkono da suka sa shirin ya yi suna tun 1963. Terry Nation ne ya ƙirƙire su a rubuce, haƙƙin mallaka ya zama nasa, ya yi arziki da kayan wasan da aka yi ta sayarwa a 1964 da 1965. Raymond Cusick, wanda ya zana siffar da yara suka haukace a kanta, ma'aikacin albashi ne, ɗan ihsani kawai aka ba shi. Haka Delia Derbyshire, matar da ta haɗa sautin buɗe shirin ta hanyar yanka zaren rikoda tana liƙawa guntu-guntu, sunan Ron Grainer kaɗai aka riƙa rubutawa a allo. Duk wanda ya taɓa yin dillanci ya san zafin a ci riba da guminka a ce maka an gode. Shafukan da aka cika da hotunan alewa da kwalayen wasa, da an rage su an zauna a kan wannan, da littafin ya fi haka nauyi a ma'ana.

Na biyu, idon littafin yana kan Birtaniya ne. Kayan da aka jera na yaran Ingila ne, tunanin da ake tayarwa nasu ne. Alhali shirin ya yi yawo ƙasashe da yawa, har da tamu, kuma wannan yawon ne ya cece shi. A shekarun 1960 da 1970 BBC tana goge kaset ɗinta ta sake ɗaukar wani abu a kai, don kaset yana da tsada kuma ba su zaci wani zai nemi tsohon shiri ba. Sai a 1978 suka daina. Amma kafin gogewa sukan kwafe shirin a faifan fim su sayar wa tashoshin waje, wannan tasha ta nuna ta miƙa wa waccan, ta ƙarshe ta mayar ko ta lalata. Wasu ba su mayar ba, ba su kuma lalata ba.

A watan Oktoba 2013, watan da littafin ya shiga kasuwa, aka sanar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. A ciki akwai kashi 9 da aka fid da rai da su, na labarai biyu daga zamanin Troughton, The Enemy of the World da The Web of Fear. Adadin waɗanda suka ɓata ya sauko daga 106 zuwa 97. Wallahi abin ya ba ni dariya ya kuma ba ni tunani. Babbar ma'aikata a Landan ta goge kayanta da hannunta, wani ma'aji a Jos da ba a san sunansa ba ya bar su a kan kanta shekara da shekaru. Littafi ya kira kansa taska, ga wata taskar can a Filato. Sai na tambayi kaina, su Samanja da Karkuzu da muka taso muna kallo, a wane ɗaki nasu faifan yake, kuma wa ke da mabuɗin?

Wani abu da mai karatu Musulmi zai so ya sani idan ya iso shekarar 1965: akwai labarin da Dakta ya sauka a zamanin yaƙin 'yan Salibiyya, ya haɗu da Sarki Richard da Salahuddin Ayyubi. An nuna Salahuddin mutum mai natsuwa da dattaku, wannan a yaba musu. Amma Bature ne, Bernard Kay, aka shafa wa fenti a fuska ya fito a matsayinsa. Biyu daga cikin kashi huɗu na wannan labari suna cikin waɗanda aka goge.

Turancin littafin ba mai wuya ba ne, ɗan sakandare zai iya bi. Sai dai marubucin ya ɗauka ka riga ka san shirin, yana ambaton sunaye kamar 'yan unguwarku ne, don haka wanda bai taɓa kallo ba zai gaji tun kafin ya kai zamanin Tom Baker mai dogon gyalen wuya, wanda ya riƙe matsayin daga 1974 zuwa 1981. Ban ce kowa ya fitar da kuɗin cefane ya saya ba. Amma samarinmu masu ɗaukar bidiyon biki da masu sha'awar harkar fim, su ya kamata su zauna da shi, su duba yadda ake ajiye takardar aiki, da zane, da kwanan wata, har bayan shekara 50 a ɗauko a nuna. Kwafina yana shago. Mai so ya zo bayan la'asar ya karanta a nan kan benci, don ba na ba da aro.