Littattafan Gyaran Hali a Ƙasar Gwandu

A shekarar 1807, ana tsakiyar yaƙi, Alƙalawa ba ta faɗi ba tukuna, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Babu mai cewa tsoro ya kore shi, domin da shi aka yi Tafkin Kwatto a 1804, shi ne kuma ya ja rundunar da ta ci Birnin Kabi a 1805. Abin da ya gani cikin jama'arsa ne ya ɗaga masa hankali. A littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya haɗa a 1813, ya ba da labarin cewa da yawa daga abokan gwagwarmayar farko sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuwa wasu hankalinsu ya koma ga neman sarauta da tufafin ƙawa da dawaki da tara dukiya. An ci garuruwa, amma zukata suna neman kuɓucewa.

Kano ce ta tare shi. Mutanen birnin suka hana shi wucewa, suka nemi ya rubuta musu abin da za su riƙa dubawa wajen hukunci da mulki. Ya rubuta Liya'ul Hukkami, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, kuma bisa ga abin da ya faɗa da kansa, karatun ya shige su har suka farfasa kayan kiɗan da ya tarar a hannunsu, suka mai da icen ganguna abin zuba wa dawaki abinci. Ko mutum ya yarda da fasa ganguna ko bai yarda ba, a nan yana ganin littafi da karatu sun sauya abin da manyan gari suke yi da hannunsu cikin 'yan watanni. Daga nan Malam Abdullahi ya komo yamma, ya zauna Boɗinga, daga baya ya tare a Gwandu, inda ya rasu a 1829. Hubbarensa yana nan ana ziyarta.

Ƙaramar hukumar Gwandu ta yau ta haɗa garuruwa irin su Dodoru da Dalijan da Kambaza da Malisa. Duk wanda zai yi maganar littattafan da ke gyara rayuwa a wannan yanki, bai kamata ya fara da abin da aka shigo da shi jiya ba. Ƙasar tana da nata tsohon fanni, da marubutansa, da hanyar karanta shi.

Ɗaya daga littattafan farko da yawancin ɗalibai ke ɗauka bayan sun yi nisa a allo shi ne Ahalari, ɗan ƙaramin littafin Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16. Ana kiransa littafin tsarki da salla, kuma haka yake. Amma kafin ya kai ga alwala, sai da ya tsaya kan tuba da sharuɗɗanta, da mayar wa mutane haƙƙinsu, da kiyaye harshe daga ƙarya da giba da annamimanci, da tsare zuciya daga girman kai da riya da hassada, har da irin abokin da ya dace a zauna da shi. Wato yaro yana jin yadda zai riƙe bakinsa tun kafin a koya masa yadda zai kurkure shi. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ita ma bayan ta gama manyan babuka sai ta sauko kan ladabin cin abinci da sallama da neman izinin shiga gida. Masu tsara wannan karatu ba su raba sanin hukunci da gyaran ɗabi'a ba.

Yadda ake karatun ma yana da nasa tasiri. A zaure, bayan asuba ko tsakanin magariba da isha'i, ɗalibi yana janyo baƙi kaɗan kaɗan, malam yana fassara masa, shi kuma yana amsawa da na'am. Layi biyar ko shida sun isa ƙarin yini guda. Gobe sai ya biya na jiya kafin a ƙara masa. Littafin da mai karatun boko zai gama a zama ɗaya yana iya ɗaukar watanni. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, malamin nan maƙwabci ne. Ya san gonar ɗalibin, ya san bashin da ake binsa, ya ji labarin faɗan da ya yi ranar kasuwa. Idan aka zo babin giba, kallo ɗaya ya wadatar. Manomin shinkafa da ya ɗauki babin haƙƙin mutane da safe, da hantsi zai je fadama ya tsaya a kan iyakar da suke jayayya da ɗan'uwansa, kuma ya san wanda ya biya masa karatun zai ji yadda aka ƙare.

Bahaushe yana cewa hali zanen dutse ne. Dukan wannan fanni gardama ce da wannan karin magana. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsaya a kan cewa da ɗabi'a ba ta canzawa, da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza. Ya kasa Ihya'u Ulumid Dini kashi huɗu: ibada, al'amuran yau da kullum, halaye masu halakarwa, da halaye masu tserarwa. Malaman jihadi sun sha daga wannan rijiya sosai. Shehu Usmanu ya yi ta maimaita cututtukan zuciya a wa'azinsa da rubuce-rubucensa, su jiji da kai da fushi a kan ɓata da rowa da dogon buri, kowanne da maganinsa.

Ƙanensa Abdullahi ya ɗauki aikin da tsari irin na mai nahawu. Ya taƙaita Madkhal na Ibnul Hajj, malamin Fas da ya rasu a Alƙahira a 1336, ya kira shi Lubabul Madkhali, yana nuna ladubban malami da ɗalibi da mai sana'a. Ya rubuta Sabilun Najati. Ya rubuta Tahzibul Insani min Khisalish Shaiɗani, wanda sunansa kaɗai ya faɗi manufarsa: tsabtace mutum daga ɗabi'un Shaiɗan. Wanda ya san abin da ya faru a 1807 ba zai karanta waɗannan a matsayin wa'azin mai zaman ɗaki ba. Mutumin ya ga yadda nasara take lalata mutanen kirki, ya riƙi mulkin yammacin daula, aka kuma tsallake shi wajen naɗin Sarkin Musulmi bayan rasuwar Shehu a 1817, ya daure har suka sasanta da ɗan wansa Muhammadu Bello a Kalambaina. Idan irin wannan ya yi magana a kan son girma, da abin da ya ɗanɗana yake magana. Wannan ne ya sa ake jin nauyin littattafansa har yau, ko a bakin wanda bai taɓa buɗe su ba.

Akwai wani abu da ya yi wanda bai kamata a wuce shi da sauri ba. Bayan ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, ya lura ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya sake rubuta wani mai sauƙi, Kifayatu Lu'afa'is Sudan. Malami mai wannan daraja ya zauna ya sassauta aikinsa domin marasa ƙarfin Larabci. Tambayar da ta dame shi ita ce wa zai iya kaiwa ga littafin, kuma ita ce tambayar da ta fi damun wannan fanni har gobe.

Wadda ta fi kowa amsa ta ita ce 'yar wansa, Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ta san matan ƙauye ba za su zauna a zaure ba, mafi yawansu kuma ba su jin Larabci. Sai ta zuba darussan cikin waƙoƙin Hausa da Fulfulde, irin su Godaben Gaskiya, ta naɗa jajis, dattawan mata masu malfa, su zo su haddace su koma garuruwansu su koya wa sauran. Su ne 'Yan Taru. Littafi ya bar takarda ya shiga baki, ana rera shi a bakin turmi da wajen kaɗi. Ba rerawa kaɗai suke yi ba: an san 'Yan Taru da duba marasa lafiya da wankan gawar mata da sasanta ma'aurata da share masallaci. Wannan hanya ta waƙa ita ta ci gaba da Gangar Wa'azu ta Muhammadu Na Birnin Gwari, da Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon Zariya wanda baitocinsa suka zaga kasuwanni da tashoshin Arewa a bakin almajirai da makafi. Dubban mutanen da ba su san baƙi ba sun ji tsoron cin amana daga nan.

Zuwan boko ya buɗe wata ƙofa. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, da ta fito a ƙarshen shekarun 1930, ta koyar da hankali da iya magana ta hanyar dariya da hikaya. Ibada da Hukunci na Haliru Binji ya kai fiƙihu ajin firamare da Hausa. Tarjamar Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Gumi, da aka buga a 1979, ta sa ma'aikaci da ɗan kasuwa suka iya duba ma'ana a ɗakinsu. Har littattafan da ake rainawa da sunan na soyayya sun yi nasu aiki: Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, ta koma karatu ta tsaya da ƙafarta, ya shiga ɗakunan da wa'azi bai cika taɓa wannan magana ba.

Yau ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 take kuma da mazauni a wajen Kalgo, yana da wani rukuni a wayarsa. Akwai littafin Dale Carnegie na 1936 a kan iya zama da mutane, da na Napoleon Hill na 1937 a kan tunani da arziki, da na Robert Kiyosaki na 1997 a kan yadda ake juya kuɗi, da La Tahzan na A'id al-Ƙarni ga masu neman lallashin zuciya. Waɗannan ma zuriya ce mai tarihi, tun daga littafin Samuel Smiles da ya fito a Ingila a 1859. Ba adalci ba ne a yi watsi da su. Suna magana a kan abubuwan da zaure bai cika tsayawa kansu ba: tsara lokaci, ajiye riba daban da uwar kuɗi, tsayawa gaban jama'a a yi bayani, ƙin miƙa wuya ga talauci da sunan ƙaddara. Saurayin da ke sayen albasa a Aliero yana kaiwa kudu yana buƙatar wannan.

Sai dai akwai bambancin da ya kamata a faɗa a fili. Yawancinsu an rubuta su ne ga mutum ɗaya tilo mai neman ya samu, a ƙasar da bashin banki da albashi suke a hannu. Ba su san mutumin da albarkar gonarsa take da masu haƙƙi goma sha ba, ga iyaye, ga ƙanne, ga zakka, ga biki. Tambayarsu ita ce me zan ƙara, tambayar Tahzibul Insani kuwa ita ce me zan cire. Sannan ana karanta su a kaɗaice, cikin dare, a gama a ji ƙarfi, bayan mako guda ƙarfin ya sace, domin babu wanda zai ce biya na jiya.

Zauren ma yana da nasa ciwo, kuma ƙaunarsa ba ta hana a faɗa. Akwai wanda ya sauke Ahalari da Iziyya da Risala, yana iya kawo babin giba da ka, amma majalisarsa ba ta da abinci sai naman mutane. Akwai malamin da ke fassara da tsohuwar Hausar da ɗalibi ke haddacewa bai gane ba. Mata har yanzu rabonsu a wannan karatu bai kai na maza ba, ko da yake makarantun Islamiyya na matan aure sun rage tazarar ƙwarai. Abin da ya fi ciwo shi ne, an girmama sunan Malam Abdullahi, har jami'ar jiha da ke Aliero tana ɗauke da shi, amma saurayin Dodoru zai fi saurin samun Kiyosaki a wayarsa da ya samu Tahzibul Insani cikin Hausar da zai fahimta.

Kayan aikin suna nan. Akwai rubuce-rubucen hannu a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, da gafakar gidajen malamai a Gwandu kanta. Akwai sassan Larabci da Hausa a jami'o'in yankin, akwai gidajen rediyo a Birnin Kebbi da manomi ke kunnawa a gona. Abin da ya rage shi ne a fitar da ƙananan littattafan gyaran hali na Malam Abdullahi ɗaya bayan ɗaya, Larabci a sama, Hausar yau a ƙasa, boko da ajami, a farashin da ɗalibi zai iya, a kuma naɗi muryar malamin da ya iya biya su domin masu waya. Malaman zaure na Gwandu da Kalgo su ya kamata su duba fassarar kafin a kai ta maɗaba'a, domin su ne za su karantar da ita.