Mamman Shata da Darasin Ɗaukaka

Manazarta waƙar baka sukan danganta ɗaukakar Alhaji Mamman Shata (1923-1999) ga murya da zalaƙa kaɗai. Wannan ra'ayi yana da giɓi. Shata ba ɗan gado ba ne. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro na Musawa, roƙo ya ɗauki waƙa, shi kuwa ɗan da tallan goro da alewa ya soma neman abinci. Abin da ya ɗaga shi shi ne ƙin zama makaɗin sarki guda. Zamansa a ƙasar auduga, wato Bakori da Funtuwa maƙwabciyar Mairuwa, ya haɗa shi da sababbin iyayen gida: direbobi, fatake da manoma. Ya wasa su da kalangu kamar yadda ake wasa sarakuna da taushi ko kotso, har mai sana'a ya zama abin kirari.

Sai dai wannan 'yanci bai raba shi da roƙon ba, domin yabo yana bin kyauta, zambo yana bin rowa. Duk da haka, digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988 ya tabbatar da cewa wanda bai gaji sana'a ba yana iya zama ma'auninta.